Kofin da Ya Yi Ja a Hannun Rediyo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda na ga ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur tun kafin in buɗe baki. Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu ba ƙarfe ruwan azurfa da ruwan zinare. Sakatarenmu, mai rubuta abin da muka faɗa har da wanda muka yi nadamar faɗa. Dattawan sana'a da ke layin gaba, waɗanda suka riga mu shaƙar warin bahon ruwan magani. Malaman kwalejin fasaha da suka baro azuzuwansu don su ji yadda jahili zai yi bayanin kimiyya. 'Yan uwana masu guga, waɗanda ko mun yi wanka sau uku ana gane mu da baƙin gefen hanci. Iyayenmu mata da matanmu. Da sauran jama'a, waɗanda suka zo don ilimi da waɗanda suka zo don lemon da ke cikin robar can ta bakin ƙofa, ina yi muku sallama baki ɗaya, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da Ya ara mana rai da lafiya har muka ga wannan taro na shekara. Ina gode wa kwamiti da suka ba ni minti ashirin. Ranka ya daɗe shugaba, ka san da wanda ka yi wannan alkawari. Shekara talatin da ɗaya ana kirana Rediyo a layin shagunanmu, kuma ba don daɗin murya aka sa mini sunan ba. Zan yi ƙoƙari, amma in agogon ya gaji, a juya fuskarsa ƙasa.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, ni mai guga ne. Ba na ba ƙarfe ruwa. Idan mai baho ya tsoma kofi ko faranti a cikin ruwan magani, ya ba shi wutar lantarki har azurfa ta hau jikinsa, to kayan yana fitowa ne dishi-dishi, ba ƙyalli. Ni ne nake karɓa in kara shi a jikin faifan ƙyallen da inji ke juyawa, har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Mai baho ya yi wahala, mai guga ya sha yabo. Haka sana'ar ta gada, kuma ban taɓa kai ƙara ba.

Abin da sakatare ya rubuta a takardar gayyata shi ne, zan yi magana a kan yadda gamin azurfa da tutiya ke sauya kama bayan an shafa shi da lantarki. Tutiya, ga wanda bai sani ba, ita ce ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Zan yi wannan bayani kuwa, daki-daki, gwargwadon abin da ya zauna a kan tsoho. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A aljihuna na dama akwai wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, hatimin ƙungiya ne mai lamba bakwai. Mai shi yana can kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa, ya zauna a inda zai fi saurin fita. Yayan matata ne, maƙwabcin shagona, wanda kuka sani da Malam Shiru, ni kuma nake kira Yaya. Bakina ne ya raba shi da hatimin nan wata bakwai da suka wuce. Kwamiti sun ce a mayar masa, ya ce ba ya so. Na roƙi shugaba ya bar ni in gwada da hannuna a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na yi ɓarnar. Ko zai karɓa ko ba zai karɓa ba, ni da ku duka ba mu sani ba tukuna.

To, magana ta farko, yadda abin ya soma.

Tsakanin shagona da na Yaya bango ɗaya ne, kuma a jikin bangon akwai wata 'yar taga mai murfin katako, daidai wucewar faranti. Idan ya gama aiki, ya ɗauraye, ya busar a tanderunsa, sai ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya ƙwanƙwasa tagar sau biyu da gindin sifana. Ni kuma in na goge, in ƙwanƙwasa sau biyu in mayar. Shekara talatin da ɗaya muna haka. Kusan duk hirar da Yaya ya yi da ni a duniya da sifanar nan ya yi ta, ni kuma na biya shi da labarin gari kaf, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Kun san kukan da masu kaya suke kawo mana kullum: azurfa tana dusashewa, wata uku ta yi baƙi. Yaya ya ji an ce in aka ɗan surka ta da tutiya takan jure. Mutum ne da ba ya shawara sai da bahonsa. Ya haɗa ruwan maganinsa, ya yi gwaji a kan 'yan ƙananan abubuwa, ya ga sun yi kyau. Ana nan sai shugabar wata makaranta ta kawo kofuna goma sha biyu na jan ƙarfe, irin waɗanda ake ba ɗaliban da suka ci gasar gudu, tana son a ba su ruwan azurfa. Kofunan manya ne, lokaci kuma ya ƙure, sai Yaya ya ƙara wa bahon wuta fiye da yadda ya yi a gwaji.

Nan ne darasi na farko, kuma ina roƙon masu baho su buɗe kunne. Azurfa da tutiya ba gudunsu ɗaya ba a cikin ruwa. In wuta kaɗan ce, azurfa ce ke riga hawa, tutiya tana biye a baya 'yar ƙalilan. In ka murɗa wuta sama, tutiya ta samu ƙafa, sai ta yi ta hawa. Yaya ya nufi ya yi azurfa mai ɗan gishirin tutiya, sai wuta ta yi masa rabi da rabi, ƙwayar azurfa ɗaya, ƙwayar tutiya ɗaya. Ido ba ya ganin wannan. Ya busar da kofin farko a tanderu, kuma kun san Malam Shiru, abin da wani zai busar a minti goma shi sai ya ba shi awa biyu. Kofi ya fito fari tas. Ya naɗe, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Na karɓa, na kunna inji, na kara. Ina guga ina ba mai shayi labarin wani direba, ban ma kalli hannuna ba. Da na ɗago kofin, sai na ga cikinsa ya yi ja-ja, ruwan hoda, kamar tafin hannun jariri.

Jama'a, a nan nake so baƙinmu su yi mana adalci. A wannan sana'a, ja a ƙarƙashin faifai fassararsa ɗaya ce tal. Tun muna koyo aka buga mana ita a ka: in ka ga ja, ka cinye azurfa, ka taɓo jan ƙarfen da ke ƙasa. Kuma hanya biyu ce ke kawo haka. Ko mai guga ya danne hannu, ko mai baho ya yi ƙwauron azurfa ya shafa ta siririya. Babu ta uku. To ni da na yi shekara talatin da ɗaya ban taɓa cinye ruwan kowa ba, ni da nake goge zobe ina kallon titi, wa kuke zaton zan zarga? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Na tura kofin ta taga ba tare da na ƙwanƙwasa ba.

Yaya ya juya shi ya juya. Ya ɗauraye shi, ya sa a tanderu don ya bushe kafin ya san abin yi, ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya buɗe, kofi ya koma fari tas kamar ba shi ba. Ya naɗe, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo. Na goge, ya yi ja. Na tura, ya dawo fari. Na goge, ya yi ja. Sau uku muka yi wannan wasa a rana ɗaya, tsofaffi biyu da furfura, kofi yana kai da komo ta taga kamar ɗan aike. Shi yana can yana tunanin hannuna ya soma nauyi saboda tsufa. Ni ina nan ina tunanin yana ɗan tsoma kofin ne a baho ya rufe jan da fatar azurfa don ya rufe mini ido. Babu wanda ya zagayo ta ƙofa ya tambayi ɗan uwansa, alhali tsakanin ƙofofin namu taku huɗu ne.

Washegari shugabar makarantar ta leƙo ganin aiki, ta tarar da kofi huɗu a kan bencina, duk sun yi ruwan hoda. Ta tambaya ko haka azurfar zamani take. Da na ce mata a ba mu kwana biyu, da magana ta mutu a nan. Amma an taɓa jin rediyon da aka kunna ya ce a ba shi kwana biyu? Na ce mata ni dai hannuna tsarkakakke ne, ta tambayi na bayan bango nawa ya shafa. Ta kwashe kofunanta, ban da ɗaya da ya rage a tanderun Yaya. Kafin azahar mai shayi ya ji, kafin la'asar layi ya ji, kafin mako ya zagayo kwamiti sun zauna.

Ba na ɗora wa kwamiti laifi, domin sun bi ƙa'ida. Ƙa'idar ƙungiya ita ce, duk kayan da aka buga wa hatimi a gindi, ƙungiya ta tsaya masa cewa ruwansa ya kai kauri. In an kawo ƙara, sai a ba wani mai guga daban ya kara kayan a faifai a gaban shaidu. Aka ba Dogo, ga shi can yana sunkuyar da kai. Dogo ya kara, kofi ya yi ja a gaban mutum tara. Kun ga gwajin da muka gada daga iyayen gidanmu, shi ne ainihin abin da ke jawo jan. Muka tara dattawa, muka kafa shaidu, muka sake yin kuskuren da hannun wani, muka kira shi hujja.

Aka tambayi Yaya ko yana da abin cewa. Ya miƙe, ya ce, “Ban rage ba.” Aka jira ƙari, babu. Ya zaro hatimi daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya fita. Da yamma ina shago na ji ana buga guduma a bayan bango. Ƙusa huɗu ya sa wa tagar.

Ba zan ɓoye muku ba, a makon farko na ji kaina wani gwarzo ne mai tsare mutuncin sana'a. Amma gidana ba a yi mini biki ba. Uwar 'ya'yana, ga ta can a layi na uku ta ɗaure fuska, ba ta zage ni ba, ba ta yi yaji ba, abinci bai taɓa makara ba. Dariya kawai ta janye. Ku auna, jama'a: mutum irina, ya dawo gida da labari mai zafi, ya ba da shi da kwaikwayon murya da komai, a ce masa “To, madalla,” a ci gaba da ninke kaya. Wata bakwai ina watsa shirye-shirye babu mai saurare. Wanda ya ƙirƙiro wannan horo bai san tausayi ba.

Rana ɗaya ce ta yi mini magana a kai. Ta ce ta je gidan Yaya ta tarar ba ya nan, ya tafi asibitin ido. Ba ciwo yake ji ba. Ya je ne a duba ko idonsa ne ya soma yi masa ƙarya wajen karanta mitar wutar baho, ko ya rage azurfar ne bai sani ba. Ta ce, “Ka raba shi da masu kawo aiki, wannan mai sauƙi ne. Amma ka sa mutum yana zargin hannunsa.” Daga nan ta koma ninkin kayanta. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji, har yau ba ta sauka ba. Bahon da na saba jin ƙugin wutarsa ta bango tun ina saurayi, an rufe shi da leda, ƙura ta hau kai.

Magana ta biyu, yadda gaskiya ta fito, kuma a nan ne kimiyyar take. Wanda ya yi barci a tashe shi.

Yaya yana da 'ya, babbarsa, wadda muke kira Dakta. Likita ce amma ba ta allura, ƙarfe take dubawa a ɗakin bincike na wata jami'a mai nisa. Ga ta nan kusa da malaman kwaleji, tana riƙe da biro don ta ƙirga kurakuraina. Uban bai gaya mata komai ba, kun san hali. Sai da ta zo hutu ta ga baho a rufe, gwaggonta, wato matata, ta zayyana mata. Ta ɗauki kofi ɗaya da ya rage a shagon, ta koma da shi wurin aikinta, ta auna kaurin ruwan, ta haska shi da na'urar da ke nuna yadda ƙwayoyin ƙarfe suka jeru. Bayan mako uku ta dawo. Ba ta zo mini da takarda ba, don ta san ni da takarda sai dai fifita. Ta shiga kicin ɗin gwaggonta ta ce a ba ta cokali ɗaya na farin ƙarfe, irin wanda ba ya tsatsa. Uwar 'ya'yana ta zaɓo wanda nake shan shayi da shi.

Dakta ta lallashi ubanta ya buɗe baho sau ɗaya. Aka ba cokalin ruwa kai tsaye, ba a yi masa shimfiɗar jan ƙarfe a ƙasa ba, da wuta irin ta ranar kofuna, aka busar da shi awa biyu. Ta zagayo ta ƙofa ta same ni, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce, “Baba, don Allah ɗan goge mini wannan.” Na karɓa ina murmushi, na kara a faifai. Cokali ya yi ja. Ta bar ni na kalle shi sosai, sannan ta ce a hankali, “Baba, ina jan ƙarfe a cokalin Gwaggo?”

Shugaba, a rubuta a littafin ƙungiya: ranar Rediyo ya ɗauke, ba a ɗauke wuta ba.

Ga abin da ta koya mini, zan faɗe shi da bakin mai guga. Ku dubi wannan zaure. Mu ne dai mu, ba a ƙara kowa ba, ba a rage kowa ba. Amma za a iya jera mu layi-layi kamar yanzu, za a kuma iya zagaya kujerun mu zauna wani iri daban. Wanda ya leƙo ta taga zai ga zaure ya sauya, alhali mutanen ba su sauya ba. To haka ƙwayoyin azurfa da na tutiya suke idan sun yi rabi da rabi. Suna da zama iri biyu da suka shafe mu. A zama ɗaya, kowace ƙwayar tutiya tana tsakiya, azurfa takwas sun kewaye ta, kuma in haske ya sauka a kan wannan jeri, launin da yake dawo wa ido ruwan hoda ne. A ɗaya zaman kuwa jerin daban ne, launin kuma fari ne irin na azurfa. Dakta tana da sunayensu na boko, na ji, na manta kafin in kai ƙofa. Ni na raɗa musu nawa: ja shi ne zaman kunya, fari shi ne zaman hutu.

Me ke tayar da su daga wannan zama zuwa wancan? Abu uku ta lissafa mini.

Ɗumi mai sauƙi, kamar na tanderun busarwa, in aka ba shi lokaci, yana mayar da su zaman hutu, kofi ya yi fari. Abin da ya faru ke nan duk lokacin da Yaya ya tafi cin abinci. Ba tsomawa yake yi ba, ba rufe mini ido yake yi ba, jinkirinsa ne kawai yake aiki.

Zafi mai tsanani kuwa, wanda ya haura digiri ɗari uku, in ka fito da kayan ka tsunduma a ruwan sanyi nan take, ƙwayoyin ba sa samun sukunin komawa hutu, sai su daskare a zaman kunya, kaya ya yi ja. In ka bar shi ya huce a hankali, ya yi fari. Dakta ta yi wannan a gabana da cokalin nan sau huɗu, ja, fari, ja, fari, har uwar 'ya'yana ta ce a bar mata cokali ya huta.

Na uku shi ne nawa. Murza, guga, dannewa, kartar zarto, duk abin da zai takura fatar ƙarfen, yana ture ƙwayoyin daga hutu zuwa kunya. Wato hannun nan da nake taƙama da shi, wanda na rantse tsarkakakke ne, shi ne yake rina kofin. Ban cinye azurfa ba, wannan gaskiya ne. Yaya ma bai rage ba, wannan ma gaskiya ne. Ma'aunin Dakta ya nuna ruwan kofin ya zarce kaurin da ƙungiya ta gindaya, har da rara. Dukanmu biyu muna da gaskiya, amma ɗayanmu ne kaɗai ya kai tasa wurin mai shayi.

Akwai ƙarin gargaɗi biyu da ta ce kada in sauka ban faɗa ba, kuma na ga tana ɗaga biro. In tutiya kaɗan ce a gamin, ƙwayoyin suna zama irin na azurfa zalla, babu ja ko ka kwana kana guga, shi ya sa gwajin Yaya na farko bai nuna komai ba. In kuma tutiya ta zarce rabi sosai, sai a faɗa wani zaman daban, mai toka-toka, mai gautsi, wanda ke tsagewa in an lanƙwasa kaya. Sannan ruwan da ya fito daga baho yau, ba lallai ne ya gama zama ba. Yakan ci gaba da gyara jerinsa a hankali, kwanaki ko makonni, ko da kayan yana ajiye a kan kantar shago. Saboda haka duk wanda zai yi wannan gami, ya tsare mitarsa, ya rubuta wutar da ya ba, ya ajiye samfur ya duba bayan mako biyu kafin ya buga hatimi. Dakta, na ci ko na faɗi? Ta ce da dama-dama. A wurin malaman jami'a wannan yabo ne.

Ina kuma kira ga kwamiti, da girmamawa, a gyara ƙa'idar gwaji. Faifai ya yi wa iyayen gidanmu aiki a zamanin azurfa zalla, Allah Ya saka musu. Amma yanzu ja ya samu fassara ta biyu. In an kawo ƙara, a auna kauri da ma'auni, malaman kwaleji sun ce ƙofarsu a buɗe take. Kada a sake yanke wa mutum hukunci da launi. Kada a sake yanke wa mutum hukunci da bakin maƙwabcinsa. Kada kuma a ɗauka cewa wanda ya faɗi kalma uku ya zauna, kalma ukun ce kawai gaskiyarsa.

Shugaba, na ga ka juya agogon. Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta kawo ni.

Yaya, na je ƙofarka sau uku bayan ranar cokali. Ka amsa sallama, ka ba ni kujera, ka ba ni ruwa, ka bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ka raka ni ƙofa. Na gane. A ɗaki na zo ba da haƙuri, alhali a kasuwa na yi ɓarna. To yau ga kasuwar ta taru. Ga shugabar makarantar can ma, na je da ƙafata na gayyato ta. Ga mai shayi, wanda na san zai isar da saƙon nan inda lasifika ba ta kai ba.

Ku shaida, jama'a. Malam Shiru bai rage azurfa ba. Bai taɓa ragewa ba. Ni ne na ga abin da ban sani ba, na kira shi da sunan abin da na sani. Magana zarar bunu ce, na san ba zan iya mayar da ita ba, ba zan iya mayar maka da wata bakwai ba, ba zan iya mayar maka da ranar da ka zauna a layin asibiti kana zargin idonka ba. Na ji kunya, Yaya, kuma na yi kewarka. Shagon nan ba ya yi mini daɗi. Ina guga ina kasa kunne ga bango kamar wawa. Ka ba ni ƙanwarka alhali ba ni da komai sai inji na aro, ka ba ni aikinka na farko in goge tun ina sabon shiga, ni kuma na saka maka da baki. Ka yafe mini. Ga hatiminka, lamba bakwai. Zan tsaya a nan da shi a tafin hannuna, kuma kowa ya san ni, in aka bar ni a gaban abin magana zan iya kaiwa magariba. In ba don ni ba, ka taso don ka ceci mutanen nan.

Ya miƙe. Jama'a, kada kowa ya yi tafi tukuna, ƙofa tana kusa da shi, ban san inda ya nufa ba.

A ba shi hanya. Dogo, janye ƙafarka.

Na baya da ba ku gani, bari in gaya muku, aikina ke nan. Ya karɓa. Ya juya shi ya duba lambar, wai ko na musanya masa. Ya sa a aljihu. Ya kuma zaro wani abu daga ɗaya aljihun ya ajiye mini a kan tebur. Ƙusoshin tagar nan ne, guda huɗu, duk sun lanƙwashe. Ashe tun da safe ya cire su, ya bar ni na yi ta zufa a gabanku minti arba'in.

Ya yi magana kuma. Sakatare, rubuta, don ba kullum ake samu ba. Ya ce, “Gobe akwai faranti shida. Ka goge a hankali.”

Wannan dariyar da kuka ji daga layi na uku, ta uwar 'ya'yana ce. Wata bakwai rabona da ita. In kuma kun ga idona ya yi ja, kada kwamiti ya zauna a kai, babu jan ƙarfe a ƙasa.

Allah Ya sa albarka a wannan ƙungiya da wannan sana'a. Allah Ya tsare hannayenmu daga ha'inci, Ya tsare bakunanmu daga abin da ba mu sani ba. Allah Ya ƙara wa Dakta da malamanmu ilimi mai amfani, Ya ba dattawanmu lafiya, Ya jiƙan iyayen gidanmu da suka koya mana aiki. Allah Ya bar zumunci tsakanin mai baho da mai guga, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, ɗauki agogonka. Na gode.